Kwaskwarima da Aljihu Marar Nauyi

Malaman fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, sun yi dogon bayani a kan hukuncin ijara da haƙƙin maƙwabci, amma har yau ban ci karo da wanda ya buɗe babi a kan mutumin da ya kama hayar sabon gida, ɗaki biyu da falo a saman bene, alhali abin da ya rage masa bayan biyan kuɗin shekara ko ƙamshin nisabin zakka bai ji ba.

To, ni ne bawan Allahn nan. Da na tare, sai na tarar famfon banɗaki yana zubar da hawaye dare da rana kamar mai tuba, ƙofar ɗaki kuwa ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da niyyar sayen tayil, na ji farashi, na yi salati, na komo da ledar shimfiɗa da bokitin fenti guda, wanda mai fentin, saboda tsananin tausayina da ya ji, ya yi ta sirka shi da ruwa har na soma tunanin ko ya halatta a yi alwala da shi.

Da aka shafa fentin, uwargida ta dubi bangon, ta ce, "Malam, an gama ne, ko yanzu za a fara?"

Na ce shafar farko ce. Wata huɗu ke nan muna jiran ta biyu. Inda fentin bai kai ba kuwa na rataya kalanda, ita ma ta bara.