Injiniyoyin Ranar Asabar

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wata sabuwar sana'a ta ɓulla a unguwanninmu, wato kanikancin ƙofar gida. Mutumin da ko ƙwan lantarki ne ya mutu a ɗakinsa sai ya aika a kira yaron maƙwabta, yau shi ne ke cewa kanikawa sun cika tsada. Don me zai biya wani kuɗin canza birkin baya, aikin da ya ga Bature ya gama a YouTube cikin minti goma yana murmushi? Bai lura ba cewa notin motar Baturen bai taɓa shan ƙurar hunturu ba, kuma an yanke duk wurin da Baturen ya yi zagi.

Da sassafe sai kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, in a Kaduna ne kuma Fanteka. Mai shago ya ce, "Alhaji, orijina ko mai bi masa?" Alhaji orijina yake so, amma a farashin mai bi masa. Wani ma da Corolla ya zo, ya sayi birki-fad ya koma gida, sai da ya cire taya ya tarar motarsa irin mai ganga ce a baya, lainin take so.

Ana shimfiɗa tabarma a gefen mota, kafin jak ya ɗaga taya, kwamitin ba da shawara ya haɗu. Ba wanda ya gayyace su. Ga mai shayi, ga malamin makaranta, ga tsohon direban da rabonsa da sitiyari tun zamanin Fijo 504. Kowa hannunsa a baya, don masana ba sa taɓa baƙin mai. Alhaji ya ja hambirki saboda tsaro, kalifa, wato abin da ke matse birki-fad, ta ƙi fita, tunda hambirkin ne ya damƙe ta. Ya sake shi, mota ta fara gangarawa, don ba wanda ya tuna a sa dutse a gaban tayoyin gaba. Nan ne kawai za ka ga kwamitin ya yi aiki, wato gudu.

Babbar jarrabawa ita ce fistin ɗin kalifa. Na gaba turawa ake yi ya koma. Na baya kuwa, a motoci da yawa irin su Honda Accord ta 2003, wadda muke kira EOD, murɗa shi ake yi ana dannawa, domin yana haɗe da hambirki. Kwamiti bai san wannan ba, kuma rashin sani bai taɓa hana kwamiti magana ba. "Tsatsa ce," in ji malamin makaranta. "Kawo guduma," in ji tsohon direba, wanda a wurinsa duk cutar mota guduma ce maganinta. Ana bugu, robar da ke kare fistin ta yage, man birki ya fara tsiyaya, wani ya shafa hannunsa a jikin ƙofa, alhali man nan cin fenti yake yi.

Uwargida ta leƙo daga zaure. "Alhaji, ko in aika a kira bakanike?"

"Wa ya tambaye ki? Saura kaɗan."

Wannan "saura kaɗan" ɗin tun kafin azahar ake faɗarsa. Ni dai ban taɓa ganin maigidan da ya ajiye sifana a gaban iyalinsa ba, ko da farcensa ya fita.

Ko wanda Allah ya ba sa'a ya haɗa komai daidai, akwai tarko na ƙarshe. Dole ne a yi ta taka birki har ya yi tauri kafin mota ta motsa. Wanda ya manta, takun farko ƙafarsa za ta tafi har ƙasa, sai ƙofar maƙwabci ta tsayar da shi.

Bayan magariba, da kwamiti ya watse, sai ka ga yaron bakanike ya shigo ta lungu da akwatin kaya. Ya duba, ya yi tsaki, ya ce, "Oga, wa ya taɓa nan?" Alhaji ya ce wani yaro ne. Aka yi ciniki, kuɗin gyara daban, kuɗin gyaran gyara daban, ga na sabuwar kalifa. Washegari a majalisa Alhaji ya bayyana cewa shi ya yi aikinsa da hannunsa, yaron fitila kawai ya riƙe masa, kuma mako mai zuwa giyabos zai sauke.