Sawun Ɓarawo

Wani Honarabul ya zo ta'aziyya Toranke, aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Hira ta gangaro kan wata 'yar talla da aka yi wa fyaɗe a bayan gari. Ya gyara babbar riga ya ce, "Mu a Kano tun 2000 muke da Shari'a. In babu shaidu huɗu, babu magana. A rufa asiri kawai, yara mata su daina yawo." 'Yan rakiya suka yi kabbara. Wani tsohon malami na gefe yana jan carbi, bai ce uffan ba.

Bayan kaka, ɓarayi suka shiga garken Honarabul cikin dare. Kafin hantsi 'yan sanda sun iso daga Ajingi, 'yan banga sun bi sawu har wajen Gaya, sun kamo mutum. Da la'asar Honarabul ya biyo ta zauren Malam, baki har kunne.

"Allah gafarta Malam, an kama shi!"

"Madalla, ranka ya daɗe. Mutum nawa suka gan shi yana kwance saniya?"

"Haba Malam! Ga sawu, ga turke a tumɓuke, ga makiyayi da rotse a ka."

"Ashe sawu na magana. Yarinyar nan ma da jini ta shigo gari, tana kururuwa."

Zaure ya yi tsit. Malam ya ajiye carbi.

"Shaidu huɗu na haddin zina ne. Rashinsu bai rufe ƙofar alƙali ba, akwai ta'aziri. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ɗauke haddi daga kan wadda aka tilasta, ya ɗora wa mai laifin biyan sadakinta. Alƙali Ibnul Arabi na Andalus kuwa cikin 'yan fashi ya lissafa mai fyaɗe, don a wurinsa ƙwace mutunci ya fi ƙwace dukiya muni. Amma a Tsafe, yarinya ta ce maza uku ne suka tilasta ta, ita aka yi wa bulala 100 a 2001, su ko tsinke bai taɓa su ba. Kaduna ta yi dokar dandaƙe masu fyaɗe a 2020. Mu kuwa dokar kare yara sai 2023 aka sa mata hannu. Ku ne a majalisa, kun fi ni sanin abin da ya tsare ta."

Honarabul ya duba agogo, ya ce ana jiransa a Kano. Ya ajiye kuɗin goro a bakin buzu, ya fita.

Malam ya kira almajiri. "Kai wa uwar yarinyar nan. Ka ce kuɗin mota ne zuwa kotu."