Ga masu cewa na sayo itacen girki daga Japan

Tun da labari ya bazu cewa na sayi jitar da ta girme ni, wasiƙunku ba su yanke ba. Wani ya ce a duba ni ko lafiya. Wata hajiya ta ce da kuɗin na sayi tunkiya, da yanzu ta haihu. Wanda ya fi kowa zaƙewa wani Bazazzagi ne, wanda ya rantse cewa Yamaha babur kawai take ƙerawa, saboda haka an yi mini sakiyar da ba ruwa. To, Bazazzagi, matso kusa, yau Bakano zai karantar da kai kyauta.

Kafin Yamaha ta san taya, kiɗa ta sani. A 1887 Torakusu Yamaha ya gyara wata ogan, abin kiɗa mai aiki da iska, da ta lalace a makarantar firamare a garin Hamamatsu, daga nan ya ƙera tasa. A 1897 ya kafa kamfanin Nippon Gakki. Babur bai zo ba sai 1955. Je ka duba tankin mashin ɗin da kake taƙama da shi, za ka ga ƙarafa uku masu baki biyu sun gitta juna a cikin da'ira. Ƙarafan daidaita muryar kayan kiɗa ne. Shekara da shekaru kana yawo da tambarin makaɗa tsakanin cinyoyinka, kana zagin makaɗa.

Jitar tawa FG-180 ce, cikin waɗanda Yamaha ta fara fitarwa a 1966. Ba ta amfani da lantarki, cikinta ne lasifikarta. Idan ka leƙa ramin cikin za ka ga takardar kamfani a manne. Yawancin waɗanda ake samu masu jar takarda ne, kuma su ma ana rububinsu. Na farko-farkon kuwa takardarsu kore ce mai haske, ba a daɗe ana yin su ba aka canza, kuma irin wannan ce a ɗakina. A kasuwar gwanjo ta intanet a Japan na gan ta. Ban biya ko sisi ba sai da aka turo mini hoton takardar, da lambar da ke ciki, da hoton wuyanta daga gefe. Wani abokina mai shigo da kayan gyaran mota ya sako mini ita a kwantena, an sassauta tsirkiyoyinta, an naɗe ta da bargo.

A cikinku akwai mutum ɗaya da ya san abin da yake faɗa, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ya ce ai wannan jita ba da katako guda aka yi fuskarta ba, siraran katakai ne aka manna hawa-hawa, don haka ba ta kai a yi mata kirari ba. Gaskiyarsa. Amma malam, a ina kake zaune? Jita tana son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, idan hunturu ya kankama, leɓen mutum ma tsagewa yake yi. Kawo jitar Martin mai katako guda, wadda aka ƙera a Nazareth ta jihar Pennsylvania, ka jingine ta a bango a watan Janairu, ka ga yadda za ta buɗe baki tana kuka. Mai hawa-hawa ta fi jure wannan azaba. Duk da haka ban sake jiki ba: na huda gidan sabulu, na sa jiƙaƙƙen soso a ciki, yana kwana a akwatinta har iska ta sauya.

Yanzu ga wurin da na san za ku yi dariya ku ƙoshi. Da ta iso, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har sai yatsa ya yi jini kafin ya danne su. Ba abin mamaki ba ne, tsirkiya shida na ƙarfe suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, ita kuwa ta haura shekara hamsin tana ɗauke da wannan kaya. Na kai ta wurin wani dattijo a Sabon Gari mai gyara wa coci-coci kayan kiɗa. Ya buɗe murfin da ke kanta, ya murɗa ƙarfen da ke cikin wuya kaɗan, ya ce in tafi sai gobe, katako ba ya son gaggawa. Sannan ya ciro ɗan farin robar da tsirkiyoyi ke hawa a kai, ya jefar, ya aike ni kwata in sayo ƙashin ƙafar saniya. Mahaucin ya tambaye ni ko miya za a yi, na ce kiɗa, ya dube ni irin duban da kuke yi mini. Aka dafa ƙashin har maiƙonsa ya fita, aka shanya, dattijo ya yanka, ya yi ta gurza shi a kan takardar yashi yana gwadawa, yana hura ƙurar, yana sake gurzawa, har ratar da ke tsakanin babbar tsirkiya da ƙarfe na sha biyu a kan wuyan jitar ta sauko wajen milimita biyu da rabi. Da ya kaɗa ta, yaron shagon da ke kusa ya leƙo. Saniyar Kano ce ke waƙa a bakin katakon Japan, ku kuma kuna can kuna lissafin tunkiya.

Masu ba ni shawarar in kai ta a fesa mata sabon fenti, in manna mata hoton zaki da sunan masoyiya kamar bayan Keke Napep, Allah ya shirye ku. Tsohuwar jita da aka sake wa fenti darajarta faɗuwa take yi. Willie Nelson na Amurka yana kaɗa jita ɗaya, mai suna Trigger, tun 1969. Hannunsa ya cinye fuskarta har ya huda rami, kuma bai yarda an toshe ba. Jitar da Kurt Cobain ya kaɗa a shirin MTV Unplugged a 1993, Martin ce ta 1959, an sayar da ita dala miliyan shida a 2020, da duk tabon da ke jikinta. Ni abin da na ƙara wa tawa ɗaya ne: maratayi na jar fatar akuya da wani baduku ya ɗinka mini, ya zana sunan kakata a ciki, inda ba mai gani sai ni.

Sai masu cewa me ya hana ni gurmi ko garaya, tunda su ne namu. Ku da ba ku taɓa taɓa ko ɗaya ba! Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, kuma na tabbata da a unguwarku ya fara, da kun ce masa ya je ya nemi sana'a.

Kun tambayi nawa na saya. Ba zan faɗa ba, domin uwargida ma tana karanta wannan shafi. Wanda yake son ya ji muryarta ya zo bayan la'asar, ya wanke hannu, ya cire zobe da agogo. Bazazzagi kuma ya taho da babur ɗinsa, amma daga zaure zai saurara.