Zuwa ga Hajiya Manhaja da tawagarta

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ko da yake tambayar lafiyarki ɓata baki ne, fankar kwamfutata ce shaida, tun da na kunna ta take huci saboda hidimarki.

Dalilin wannan takarda shi ne abin da ya faru yau da safe a shagona na Barkin Sale. Wata ɗaliba ta kawo takardun sakamakonta a sa mata a sikana, a tura kafin a rufe shafin makaranta da azahar. Babu wuta, kamar yadda ya dace da jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, don haka na ja janareta. Na kwantar da takarda, na danna, sai allo ya ce na'urar tana hannun wata manhaja. Wace manhaja? Ni dai ban buɗe kowa ba. Na kashe, na kunna, na zare waya na mayar, fetur yana ƙonewa, yarinya tana duba agogo. Daga ƙarshe ta tattara takardunta ta tsallaka shagon maƙwabcina, har da ce mini "sannu, Baba" da murya irin ta masu gaida marar lafiya.

Da na leƙa Task Manager, ashe aikinki ne.

Bari in tuna miki yadda muka haɗu. Firinta na saya, 'yar Kwatano, aka ce ba za ta yi aiki ba sai da ke. Aiki ɗaya na ɗauke ki: in na ce buga, a buga. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma ke zaure aka ba ki, kafin gari ya waye kin gayyato dangi sun cika gida, har wani ya riƙe makullin banɗaki. Ga mai neman sabuntawa. Ga mai leƙen tawada, wanda kullum yake kukan ta kusa ƙarewa, alhali ɗurawa nake yi da sirinji. Ga mai aika rahoto gida, wai don a inganta mini aiki. Ga wani mai suna kamar lambar mota, wanda sana'arsa kawai in na kashe sauran ya tashe su. Sannan ga gogan naku, mai gadin sikana. Sikanar nan fa ba ta kamfaninku ba ce. Ta girme ki a shagon, tana da tata manhajar, sun shekara suna zaman lafiya. Yaronki ne yake riga kowa tashi da zarar Windows ta buɗe ido, ya cafke ta, ya zauna jiran aikin da ba wanda ya ba shi. Shiga sharo ba shanu ke nan.

Ke! Wa ya aike ki? A duk faɗin duniya in mutum ya danna X, cewa ya yi a tafi. Ke kuwa sai ki lallaɓa ki maƙale a lungun agogo, bayan wata 'yar kibiya, kina nan daram. Na danna Ctrl da Shift da Esc, na bi yaranki ɗaya bayan ɗaya na kashe, kafin in kurɓi shayi sun dawo. Na shiga Startup na hana su tashi da safe, ashe kin rubuta sunayensu a Services. Na bi can na rufe, ashe akwai ajiya a Task Scheduler, an sa musu lokacin farkawa. Wanda ya tanadi ƙofa uku irin wannan ya san tun farko za a kore shi. Ba kuskure ba ne, shiri ne, kuma wani ne ya zauna a ofis mai sanyi aka biya shi albashi ya tsara.

Kwamfutar nan giga 4 ne duk ƙwaƙwalwarta. Kafin in buɗe Word kun cinye rabi. Lokacin furojet, in ɗaliban jami'a na Gidan Kwano da Bosso suka yi layi kowa da babi biyar a filashi, sai in buga harafi in jira ya fito, su kuwa su ɗauka tsufa ne ya kama ni. Datar ma daga wayata nake jona ta. Tun Janairun 2025 da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari, kowane mega da lissafinsa, amma mai neman sabuntawarki bai taɓa tambayar nawa ake sayarwa ba. Fetur kuwa, tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafinsa ba mu sake magana da shi cikin daɗi ba. Shi ma mai maganin ƙwayar cuta da ya biyo wata manhajar karanta PDF, wanda yake kama wanda na sa da hannuna yana cewa ɓarawo ne, tasa takardar tana tafe.

Na san za ki ce haka ake yi a danginku. Gaskiya ne, na bincika asalinku. A 2005 kamfanin Sony BMG ya sayar da faya-fayan waƙa na CD waɗanda in an sa su a kwamfuta sai su dasa wata manhaja ta ɓuya cikin Windows don hana kwafa. Mark Russinovich ne ya tono ta a ƙarshen Oktoban shekarar, masu ƙera ƙwayar cuta suka samu maɓoya kyauta, aka maka kamfanin a kotu, ya janye faya-fayan. A Yulin 2019 wani mai bincike, Jonathan Leitschuh, ya nuna cewa Zoom na barin wata 'yar saba a ɓoye cikin kwamfutocin Mac, ko ka goge manhajar tana nan, kuma tana iya dawo da ita. Sai da Apple ya turo gyara ya share ta. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa, sabuntawa guda ta manhajar tsaro ta CrowdStrike, mai aiki a bayan fage, ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai. Waɗancan an rubuta su a jarida, an nemi afuwa. Mai shagon Barkin Sale wa zai nemi afuwarsa?

Buƙatata ba ta da yawa. In za ki zo da mutum, ki faɗi sunansa da aikinsa, ki bar mini akwatin da zan ce a'a, kuma kada ki riga ni sa masa alama. In na rufe ki, ki rufu. In na sallame ki, ki kwashe naki ya naki. Ki cire hannu daga na'urar da ba taki ba.

Na ba ki zuwa Juma'a. Yaron da ke mini gyara ya ce akwai direba zalla, marar tawaga, kuma shi ma Russinovich ɗin yana da wata manhaja, Autoruns, mai fallasa duk wanda ke tashi tare da Windows. Bayan an sauko daga masallaci yaron zai zo da su a filashi. Kuɗin aikinsa kuma a kanki yake, tare da na fetur ɗin yau.

Naki, ba da son ransa ba,
Mai shagon kwamfuta,
Barkin Sale, Minna.