Saɓanin Malamai a kan Maɓallin da Ya Yi Shiru

Ma'abota ilmin sauti sun yi ittifaƙi cewa tsohon fiyanon lantarki, irin Orla ɗin Italiya wanda Mamman Sani ya shahara da kaɗawa a Yamai tun shekarun 1970, ba ya ƙaunar ƙura, ba ya jure zafi, ba ya kuma yarda da wuta mai hawa da sauka; saboda haka wanda ya kawo irinsa Kelle, gindin duwatsun Kutus, haƙiƙa ya kawo shi inda aka tanadar masa dukan ukun a wadace.

Ka danna maɓalli, shiru. Ka danna maƙwabcinsa, ya amsa sau biyu, yana rama wa ɗan'uwansa.

A nan malaman gyara suka yi saɓani. Wasu suka ce idan maɓalli guda ne ya ƙaurace, najasar ƙura ce ta hau siririyar wayar ƙarƙashinsa, tsarkinta kuwa auduga da alkol. Wasu suka ce idan sauti ɗaya ne ya mutu daga sama har ƙasa, illar tana can ciki, wajen da'irar da ke haifarsa, sai a nemi dalmar da ta tsage. Amma jamhuru, waɗanda hujjarsu ta fi saurin bayyana, sun tafi a kan mari ɗaya a gefen akwatin. Yakan yi magani har zuwa la'asar.

Mai fiyanon dai, da ya ji kuɗin mota zuwa wajen mai gyara a Damagaram, sai ya yi ijtihadi: ya daina tsara waƙar da za ta bi ta kan wannan maɓalli.