Yadda Na Yanke Kan Ango

Bakina ne ya jawo mini, babu wanda ya aike ni. Muna taron dangi ana lissafin bikin ƙanwata Ladi da za a yi a Kafanchan, aka zo kan mai ɗaukar bidiyo. Da aka faɗi kuɗinsa sai ɗakin ya yi tsit. Na gyara zama na ce, "Ku bar mini wannan." Hujjata guda ce, ina da kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar kwatano da nake buga jarrabawar ɗalibai da ita.

Ranar biki na yi ta shawagi da waya a hannu, har Goggo ta ce in gusa na tare mata amarya. Washegari na shiga mota, muka bi ta Zonkwa da Kachia, na sauka a Sabon Tasha ina jin kaina kamar daraktan fim.

Ɗan yayata, wanda ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ya biyo ni hutu. Ya leƙa wayata ya ce, "Kawu, sa CapCut kawai, kafin dare ka gama." Na harare shi. Ni da furfurata zan yi aiki da kayan 'yan TikTok? Kamfaninsu ma ɗaya ne, ByteDance na ƙasar Sin. Na shiga YouTube neman abin da ya dace da matsayina. Premiere Pro dai da dala ake biyan kuɗinta, sai na wuce kamar ban gani ba. Can na ci karo da DaVinci Resolve, wadda masu finafinan Amurka ke gyara launi da ita, kuma kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya na bayar da ita kyauta. Kalmar kyauta kaɗai idona ya gani. Layin da ke cewa tana buƙatar RAM giga 16 ban tsaya karanta shi ba, alhali tawa giga 4 gare ta.

Na sayi datar dare, na zauna gadin sauke manhajar da ta haura giga 2, sauro na shan rabonsa. Da na buɗe ta, fankar kwamfutar ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Uwargida ta fito daga ɗaki tana tambayar wane maƙwabci ne ya tada janareta da tsakar dare. Hoton Ladi ya ƙame, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, har gari ya waye. Ashe ɗaukar Dala na yi ba gammo.

Na koma wata manhajar da zan sakaya sunanta. Kwana uku ina yanka ina ɗinki, aka ɗauke wuta, batirina kuwa ya daɗe da rasuwa, ni kuma ban adana aikin ba. Na sake daga farko. Da na fitar da bidiyon sai ga tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a goshin amarya. Sun faɗa tun farko cewa sai an biya ake cire shi, ni ne dai ba na karatu.

Shotcut ce ta rufa mini asiri: kyauta, ba tambari, kuma tsohuwar kwamfutata ta iya jan ta, ko da yake da nishi. Saura matsala ɗaya. A tsaye na riƙe waya ranar biki, talabijin kuwa a kwance take, sai baƙin fili ya fito dama da hagu. Na ja hoton har ya cika allo, na yaba wa kaina, ban sake kallo ba.

Ranar Lahadi dangi suka cika falon Goggo. Aka kunna. Ga amarya tsaf, don gajera ce. Kusa da ita ga babbar riga tana tafiya, ba wuya, ba kai, ba hula. Fasto na motsa baki, muryar matan zumunta na fita daga ciki. Goggo ta ƙura ido ta ce, "Ɗan nan, ina kan surukin namu?" Ango ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ɗan yayar tawa ya karɓi wayata. Hannu ɗaya da cokali, ɗaya a kan CapCut, kafin a kwashe kwanukan shinkafa ya mayar wa ango kansa, har da sunayensu da kiɗa. Ya ce, "Kawu, kafin ka zaɓi manhaja, duba ƙarfin na'urarka tukuna." Na ce ai na sani, gwada shi nake yi.

An sa bikin ƙanen Ladi a watan Disamba. A rabon aiki, ni aka ba jera kujeru.