Marsandin da Ta Iya Durƙuso

Ranar da na fara ganin motar nan, ban ma ji kuɗinta ba, amma har na yanke shawarar rage rassan darbejiyar ƙofar gidanmu don kada tsuntsaye su ɓata mata fenti. Baƙa ce wuluk, Marsandi E500 ƙirar 2005, an jera ta a sahun gaba a wani wurin sayar da motoci a nan Kano, tana ƙyalli kamar an shafa mata man shanu. Ni kuwa ina zaune cikin Golf ɗina, wadda sai ka tallafi ƙofar direba da gwiwa kafin ta yarda ta rufu. Farkon 2019 ne, an biya mu wasu kuɗin ariya da muka daɗe da fid da rai da su, kuma kowa ya san kuɗin da suka zo ba zato ba sa son zaman aljihu.

Ina fitowa dillalin ya tarbe ni da "Alhaji, barka da zuwa." Ko Jidda ban taɓa takawa ba, amma ban gyara masa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, idonka ya san kaya. Wannan daga Amurka take. Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, ita ma coci kawai take zuwa da ita ran Lahadi."

Daga baya na gano cewa duk wata tokumbo da ke garin nan, tsohuwar nan ce ta hau ta. Allah kaɗai ya san yawan motocin baiwar Allah nan da yawan cocin da take zuwa.

Ya buɗe mini ƙofa, ƙamshin turaren wuta ya buge ni, irin na ɗakin amarya. Na ce turare kuma a mota? Ya ce su haka suke girmama kaya. Na zauna a kujerar fata, na riƙe sitiyari, na hango kaina ina shiga ɗaurin aure ana matsar da babura. Ya yanka mini naira miliyan 3 da dubu 200, ya kuma raɗa mini cewa wani ɗan majalisa zai aiko da yaronsa bayan la'asar. Kafin a kira la'asar ɗin na tura masa dubu 200 kafin alƙalami.

Uwargida ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, wa ya duba maka ita?"

Na ce ai na duba da kaina.

"Kai da kake kiran bakanike in fitilar Golf ta mutu? Kifi ka saya a ruwa. Ka nemo wanda zai duba ta, amma ban da wanda ke cin tuwon gidan dillalin."

Washegari na gaya wa dillalin ina son a duba mota. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Wannan shi ne daidai, Alhaji. Akwai wani injiniya, duk manyan garin nan shi suke kira." Cikin minti goma sai ga Injiniya, sanye da farar shadda, farcensa fes kamar na likita. Ya zagaya motar sau biyu, ya shuri taya ɗaya da takalmi sau-ciki, ya sa aka tayar da ita, ya karkata kai yana lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ya ce ko jariri ba ya numfashi a hankali kamar injin nan, kuma da yana da kuɗi da shi zai saye ta. Na ba shi dubu 5 ina godiya. Muna cikin musabaha wani yaro ya shigo da kular abinci, ya ajiye a gaban dillalin, ya juya wajen Injiniya ya ce, "Kawu, Umma ta ce naka yana ƙasa, mai miyar kuka."

Ban gaya wa uwargida wannan ba sai bayan wata biyu.

Na ce to, bari in koma wa na gida. Baba mai gyara mini Golf dattijo ne da ya koyi aiki a kan Fijo 504, zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna, kuma a shekarun da muka yi tare ko ƙusa bai taɓa cuta ta ba. Ya zo da sukundireba a aljihun gaba da ɗan maganaɗisu naɗe a tsumma. Ya kama ƙofa zai buɗe, sai wani abu ya yi zuuu a ƙarƙashin bonet, alhali ba a ko sa makulli ba. Baba ya ja da baya ya yi a'uziyya. Famfon birki ne, don wannan ƙirar birkinta na lantarki ne da ke tara ƙarfinsa tun kafin direba ya zauna, amma a lokacin daga ni har shi babu wanda ya sani.

Ya ɗaga bonet ya tarar da injin a lulluɓe da baƙar roba, ko waya ɗaya ba ta leƙo ba. Ya nemi babban batir ya rasa, sai yaron wurin ne ya nuna masa yana can cikin but. Ya nemi sandar auna baƙin mai, babu ita, aka ce a allon gaban direba ake duba mai. Da aka ce masa fulogi 16 ne a cikin injin, biyu-biyu a kowace silinda guda 8, sai ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Daga nan ya ɗauko maganaɗisunsa, dabarar da yake kama motar da ta sha foti bayan haɗari, ya manna a bonet. Ya zame ya faɗi. Ya manna a murfin but, ya sake faɗuwa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, motar nan gaba da bayanta duk foti ne. Tirela ce ta bi ta kanta." Ashe da alminiyom aka ƙera waɗannan sassan, shi kuwa maganaɗisu ba ruwansa da alminiyom.

Hukuncinsa na ƙarshe dai shi ne, motar da ba ta yarda mutum ya duba mata mai da idonsa ba, akwai abin da take ɓoyewa. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai kuɗin Adaidaita Sahu. Na raka shi ina cewa a raina tsufa ne, zamani ya wuce shi.

Wani abokin aikina ne ya tura ni Kwakwaci wurin wani matashi da ba ya taɓa komai sai motocin Jamus. Na same shi kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani, kuma da ƙafafun na yi ciniki. Ya ce kuɗinsa dubu 15, a biya tun yanzu, ko na saya ko ban saya ba. Ba zai karɓi komai a hannun dillali ba, ko ruwan leda. Za mu je da sassafe kafin kowa ya tayar da motar, kuma kada in sanar da su. Na ce dubu 15 don kallo kawai? Injiniya guda ma dubu 5 ya karɓa. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "To Baba, ai ka riga ka samu na dubu 5 ɗin."

Na biya ina ƙunƙuni, ni da na zubar da dubu 200 ba tare da na ga ko takardar kwastan ba.

Bayan sallar asuba muka isa, maigadi ya buɗe mana yana hamma. Na hango Marsandina, gabana ya faɗi. Ta durƙusa. Gabanta ya sauka har tayoyin sun shige cikin jiki, kamar amaryar da aka kai gaida surukai. Yaron da na ɗauko daga Kwakwaci ya ce wannan ƙirar a kan jakunkunan iska take tsaye, akwai ɗan famfo da ke hura su. In roba ta tsufa ta fara yoyo, sai iskar ta zurare cikin dare. Maigadi, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce ai kullum ƙarfe bakwai ake tayar da ita ta miƙe kafin baƙi su fara zuwa.

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Yaron bai tanka ba. Ya murɗa makulli bai tayar da injin ba, ya ce in kalli allo. A daidai wannan lokacin kowace fitilar gargaɗi ya kamata ta kama, don ta nuna tana da rai, sannan ta mutu in inji ya tashi. Duk suka kama, ban da mai hoton inji. Ya ce ko dai an rufe ta ta ciki, ko an kashe ta, don fitilar da ba ta kamawa ba ta tona asiri. Ya durƙusa ya jona kwamfutarsa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda dokar Amurka ta wajabta wa kowace mota tun 1996. Kwamfutar ta nuna an goge duk laifuffukan injin kwanan nan, sai dai wanda ya goge bai san cewa motar tana da ƙananan kwamfutoci da yawa ba, ta ƙofa daban, ta kujera daban, ta birki daban, kuma kowacce na riƙe da nata ƙorafin. Ya yi ta gungura allo da yatsa, jerin ya ƙi ƙarewa, kamar sunayen masu bin marigayi bashi.

Sai ya ajiye kwamfutar ya koma aikin hannu, kuma nan ne ya ƙarasa ni. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa. Wajen tsakiya akwai wani layi ruwan ƙasa, daga nan zuwa ƙasa duk ya dafe. Ya tura kujera baya ya nuna mini ƙusoshin da ke riƙe da ita, sun yi tsatsa jawur. Ya ɗaga kafet ɗin but, ya ciro safaya, ya dangwali lungun da yatsa ya miƙo mini: busasshen laka, mai laushi kamar garin lalle. Ya zare wani soket, haƙoransa sun yi kore shar. Ya ce in sa hanci a ƙasan kafet. A can ƙarƙashin turaren wuta, warin rijiyar da aka daina ja ne.

Daga ƙarshe ya kwafi lambar jikin motar daga gindin gilashin gaba, haruffa da lambobi 17, ya zuba a wayarsa. Sai ga hotonta a filin gwanjon motocin inshora a jihar Tekzas, laka har gilashi, an yi rubutu da farin alli a jikinta. Ya ce in na tuna guguwar Habi da ta nutsar da birnin Hustan a watan Agustan 2017, to dubban motocin da ruwa ya ci a lokacin gwanjonsu aka yi, da yawa kuma jirgi suka hau. Ya leƙa ƙarƙashi ya ƙara da cewa indomin salansa ma an riga an kwashe, wato abin tace hayaƙin nan mai kama da taliya da ake sayarwa saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa.

Abin kunyar da na yi a nan shi ne, maimakon in ji haushin dillali, yaron na ji haushi. Na shiga kare motar kamar 'yar da na haifa. Na ce laka ai ko'ina akwai ta. Na ce wataƙila mai wankin mota ne ya jiƙa bel ɗin. Na ce hoton ma ai motoci suna kama da juna. Da na ga ba ci, sai na sassauta murya na ce, "To amma ba a gyarawa ne?"

Ya ce, "Ana gyarawa, Baba. Kullum."

Na ce ya ƙara dubawa, ko akwai wani abin alheri da ya tsallake. Ya yi ɗan tunani ya ce tayoyin baya suna da sauran rai.

Muna nan dillali ya iso a gigice, hula a karkace. Na nuna masa hoton na ce ashe tsohuwar da kwalekwale take zuwa coci. Ya kalla ya yi salati, ya ce wallahi shi ma cutarsa aka yi, kuma ruwan Amurka ai mai tsabta ne, ba irin namu ba. Da na ambaci dubu 200, nan take na tashi daga Alhaji na koma Malam. Ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa, ko a littafin wa. Sai da muka yi zama uku, da dattawan kasuwa da wani limami, kafin ya dawo mini da dubu 100, ya cire dubu 2 kuɗin wanki da turare.

Na sayi sabon hannun ƙofa a Ƙofar Ruwa, Baba ya ɗaura wa Golf. Da na ba shi labari ya ce, "Ai na gaya maka tana ɓoye wani abu." Ban yi masa maganar alminiyom ba.

Bayan kamar wata guda ina dawowa daga aiki, na tarar da yara sun yi cincirindo a layinmu. Maƙwabcina ne ya yi sabuwar mota. Baƙa wuluk. Ya rungume ni yana murna, ya ce har injiniya ya sa ya duba masa, wani mai farar shadda, ya ce ko jariri ba ya numfashi haka. Na buɗe baki, na tuna kuɗi sun riga sun shiga, na ce Allah ya sanya alheri, ya tsare. Ya roƙe ni in bar shi ya riƙa ajiye ta a inuwar darbejiyata, tunda ƙofarsa rana.

Tun tana fita kullum, ta koma fita ran Juma'a, ta koma sai da Sallah. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai kuwa, silinda 8 ɗin nan ba su ƙara shan ko cokali ba. Kowace safiya in na fito, ina tarar da ita durƙushe a ƙofar gidana, kaza na kwanci a gindin tayarta. Uwargida takan leƙo ta ce, "Alhaji, ana gaishe ka, ka amsa mana."

Shekaranjiya maƙwabcin ya ce in ina so zai bar mini ita dubu 900, tunda na fi kowa sanin darajarta. Na ce masa Allah ya kiyaye. Da daddare ina kwance na ce wa uwargida, ni dai don sani kawai, ko nawa jakar iska guda take yanzu a Ƙofar Ruwa. Ba ta ce komai ba. Da safe na duba aljihun rigata, babu katin banki.